SUNA LINZAMI NE: Ma'ana da Asalin Sunayen da Jama'a ke Ɗauka a Intanet

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Zangon Agege, kusa da Ikeja babban birnin Jihar Legas, yana cigiyar wani mutum da sunansa na yanka, mai yiwuwa ne ya wuni yana yawo bai same shi ba. Amma da zarar ya ce yana neman wane Mai Goro, ko wane Dogo, ko wane Basakkwace, nan da nan yaro zai kai shi har bakin rumfarsa. Haka al'adar Bahaushe take tun kaka da kakanni: mutum guda, sunaye da yawa, kowane suna kuwa da dalilinsa.

A wannan zamani an sami ƙarin suna guda, watau wanda mutum ke rubuta wa kansa sa'ad da zai buɗe shafi a Facebook, ko X, ko TikTok, ko kuwa adireshin wasiƙar intanet. Manufar wannan ƙasida ita ce a bayyana wa jama'a asalin waɗannan sunaye da ma'anarsu, sa'an nan a nuna yadda za a yi amfani da su ba tare da mutum ya jawo wa kansa asarar dukiya ko zubewar mutunci ba.

Sunayen da Bahaushe ya gada

Suna na farko shi ne sunan yanka, wanda ake raɗa wa jinjiri ran bakwai da haihuwa, a gaban liman da dangi da maƙwabta. Galibi sunan wani annabi ne, ko sahabi, ko ɗaya daga cikin iyalan gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta tabbatar wa kowane yaro haƙƙin samun suna.

Sai dai ba kasafai ake kiran mutum da sunan yanka tsurarsa ba. Kusan kowane suna yana da laƙabin da ke tafiya tare da shi. Abubakar shi ne Garba, ko Habu, ko Buba. Usman shi ne Shehu. Umaru shi ne Sanda. Yusufu shi ne Maitama. Abdullahi shi ne Audu. A wajen mata kuwa A'ishatu ita ce Indo, Fatima ita ce Binta, Hadiza ita ce Dije, Hauwa'u ita ce Kulu. Akwai kuma sunan alkunya: idan aka mayar wa yaro sunan kakansa, iyaye ba su iya ambaton sunan, sai su kira shi Abba ko Baba, mace kuwa Ummi ko Mama.

Bayan wannan akwai sunan rana. Wanda aka haifa ran Lahadi shi ne Ɗanladi, mace Ladi. Ran Litinin Tanimu da Altine. Ran Talata Ɗantala da Talatu. Ran Laraba Bala ko Balarabe da Laraba. Ran Alhamis Ɗanlami da Lami. Ran Juma'a Ɗanjuma da Jummai. Ran Asabar Ɗan'asabe da Asabe.

Wasu sunayen kuwa tarihin gida suke ɗauke da shi. Tanko namiji ne da ya biyo bayan 'ya'ya mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza. Gambo shi ne mai bi wa tagwaye, Auta shi ne na ƙarshe, Audi shi ne wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa. Azumi da Tasalla da Marka sun nuna lokacin da aka haife su. Ajuji kuwa suna ne da akan ba ɗan matar da ke wabi, watau wadda 'ya'yanta ke rasuwa suna ƙanana.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba Hausawa kaɗai ke da wannan al'ada ba. Yarabawa, maƙwabtan Hausawan Agege, suna kiran tagwaye Taiwo da Kehinde, mai bi musu kuwa Idowu, daidai da Gambo. Suna da Kokumo da Malomo, waɗanda suka yi daidai da Ajuji. A ƙasar Ibo, Okeke da Okorie da Okafor da Okonkwo sun samo asali ne daga ranakun kasuwa huɗu. A Gana ma Kofi ɗan Juma'a ne, Kwame ɗan Asabar. Wanda ya fahimci sunan maƙwabcinsa zai tarar cewa abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su yawa.

Sunan da baƙunci da sana'a ke haifarwa

A dā fataken Hausa sukan yi watanni a hanya, da jakuna, zuwa Gwanja domin sayo goro. A 1901 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Legas zuwa Ibadan, wadda ta ratsa ta Agege, daga baya kuma ta isa Kano. A farkon wannan ƙarni na 20 ne manoman yankin Agege suka dasa irin goron Gwanja, wanda har yau Yarabawa ke kira gbanja. Da goro ya haɗu da tashar jirgi, sai Hausawa suka yada zango, suka zauna, suka hayayyafa. Kalmar zango ita ce Yarabawa suka mayar Sango.

A irin wannan wuri, inda Muhammadu da Abubakar suka yi yawa, dole a nemi abin da zai bambanta su. Sai a jingina mutum ga garinsu, ko sana'arsa, ko sifarsa, ko maigidansa. Kuma da yake cinikin goro da na shanu sun dogara ne ƙwarai a kan bashi da amana, laƙabin mutum shi ne jarinsa. Idan sunan ya tsaya, za a ɗora masa huhun goro ba tare da ya ajiye ko anini ba. Idan ya ɓaci, to ya ɓaci daga Agege har Kano.

Manyan mutanen ƙasar nan da yawa da irin waɗannan sunaye duniya ta san su. Alhassan Ɗantata, attajirin Kano wanda ya fara da fataucin goro, ya kuma rasu a 1955, ya sami sunan ne daga Tata, tsohuwar da ta rene shi a Bebeji. Fodiyo, a cikin sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kalma ce da Fulani ke kiran babban malami da ita, kuma laƙabin mahaifinsa ne. Ɗan Maraya Jos, mawaƙin kuntigi da ya rasu a 2015, sunansa Adamu, maraicin da ya tashi a ciki ne ya zame masa suna. Haka kuma a makarantun boko, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, an saba rubuta ɗalibi da sunan garinsu. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya yi karatu a can da sunan Ahmadu Raɓa. Ta wannan hanya ce aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Shehu Shagari.

Asalin sunan intanet

A 1971 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mai wasiƙa da sunan kwamfutar da wasiƙar za ta sauka. Tun daga nan ƙa'idar ita ce mutum biyu ba za su riƙe suna ɗaya a wuri ɗaya ba. Wayar tafi-da-gidanka ta shigo Nijeriya a 2001, aka kafa Facebook a 2004, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Ikeja kuma ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Ta haka matsalar da Zangon Agege ya warware da laƙabi ta sake dawowa: Abubakar sun yi yawa, kwamfuta kuwa guda ɗaya tak za ta karɓa.

Idan aka duba sunayen da Hausawa ke ɗauka a intanet, za a ga sun kasu gida biyar.

Na farko, sunan gari ko unguwa, kamar Ɗan Agege, ko Bakatsine, ko 'Yar Arewa. Wasu sukan taƙaita da haruffan lambar mota, kamar KJA na Ikeja da GGE na Agege, ko tsohuwar lambar wayar tarho ta garinsu, kamar 064 ta Kano da 062 ta Kaduna.

Na biyu, sunan sana'a, kamar Mai Shadda, ko Mai Waya, ko Mai Turare. Wannan shi ne ya fi amfani ga ɗan kasuwa, domin suna ne kuma talla ce.

Na uku, alkunya irin ta Larabawa, watau Abu wane ko Ummu wance. Tsohuwar al'ada ce: Abu Huraira, sahabin da ya shahara da ruwaito hadisi, ma'anar sunansa mai 'yar kyanwa.

Na huɗu, sunan abin ƙauna ko na buri, kamar ƙungiyar ƙwallo irin su Kano Pillars ko Arsenal, ko tauraron fim, ko sarautar da mutum ya naɗa wa kansa, kamar Yarima, ko Gimbiya, ko Sarkin Yaƙi.

Na biyar, sunan da aka karɓe daga bakin wasu. A Legas akan kira Bahaushe aboki, wani lokaci da raini, alhali kuwa kalmar ba ta nufin kome sai zumunci. Samari da yawa sun ɗauke ta sun sa a sunayensu da alfahari, sun mayar da ita kan ma'anarta ta asali.

Akwai bambanci guda babba tsakanin sunan intanet da sauran. Sunan yanka iyaye ke zaɓa, laƙabi jama'a ke bayarwa bayan sun ga halin mutum. Sunan intanet kuwa mutum ne ke raɗa wa kansa, babu liman babu shaidu. Saboda haka yana iya faɗin gaskiya, yana kuma iya yin ƙarya.

Inda matsala take

Matsala ta farko ita ce rubutu. Dandalin X, alal misali, ba ya karɓar fiye da haruffa 15 a suna, kuma ba ya karɓar haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun Hausa tun shekarun 1930. Don haka ƙura takan koma kura, baƙi ya koma baki. Wajibi ne mutum ya karanta sunan yadda zai fito kafin ya amince da shi.

Ta biyu ita ce tona asiri. Mutane da yawa sukan liƙa shekarar haihuwarsu a ƙarshen suna, sa'an nan su sake amfani da ita a matsayin lambar sirri ta banki. Wanda ya haɗa sunansa da garinsu da shekarar haihuwarsa a fili, ya riga ya miƙa wa ɓarawo rabin mabuɗi. Haka nan wanda bai iya karatun boko ba, ya ba wani a kasuwa ya buɗe masa shafi, har ya zaɓa masa suna da kalmar sirri, to ya sani shafin yana hannun mutum biyu.

Ta uku ita ce sojan gona. Macuta sukan ɗauki sunan wani malami, ko basarake, ko attajiri, su sauya harafi guda, su sa hotonsa, su riƙa karɓar kuɗi da sunan taimako ko samar da aiki. Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukuncin ɗauri, ko tara, ko duka biyu, ga mai yin haka.

Ta huɗu, wadda ta fi shafar talakawa, ita ce shigar laƙabi cikin takardun hukuma. A ce ga wani falke, sunansa na yanka Abubakar, a makarantar firamare an rubuta shi Garba, a banki ya ba da Tanko Mai Goro. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta mutum uku take gani. An kafa Hukumar Shaidar Ɗan Ƙasa, watau NIMC, a 2007, ita ke ba da lambar NIN. Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a haɗa kowane layin waya da NIN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta ta ga masu neman shiga jami'a. Duk inda sunaye suka saɓa a tsakanin waɗannan, ana iya tsayar da asusun mutum, ko fasfonsa na zuwa aikin Hajji, ko jarrabawar ɗansa, har sai an gyara.

Abubuwan da ya kamata a kiyaye

1. A yi wa kowane jariri rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunansa na yanka, a adana takardar.

2. A riƙe suna ɗaya, da rubutu iri ɗaya, da jeri iri ɗaya, a dukkan takardun hukuma. Wanda ya fara da Muhammad kada ya koma Mohammed ko Mamman.

3. Wanda ya ga saɓani a takardunsa ya nemi gyara tun kafin buƙata ta taso, ta hanyar takardar rantsuwa ta kotu da ofishin hukumar da abin ya shafa. Rigakafi ya fi magani.

4. Kada a sa shekarar haihuwa ko lambar gida a cikin sunan intanet. Wanda aka buɗe wa shafi ya sauya kalmar sirri da taimakon amintaccensa.

5. Kada a tura wa kowa kuɗi saboda suna ko hoto kawai. A kira shi a ji muryarsa, ko a tambayi wanda ya san shi.

6. A guji sunan batsa, ko na zagin wata ƙabila ko addini. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma mai ɗaukar ma'aikata ko mai ba da aure yana iya ganin sunan bayan shekaru.

Kammalawa

Babu laifi mutum ya riƙe laƙabinsa, ko a rumfa ko a intanet, domin gado ne mai ɗauke da tarihin gida da gari da sana'a. Abin da ake buƙata shi ne a ajiye kowane suna a muhallinsa: na yanka ga hukuma, laƙabi ga 'yan'uwa da abokan ciniki. Dattawan Zangon Agege sun gina arzikinsu ne a kan sunan da aka yarda da shi, ana kuma fata 'ya'yansu da jikokinsu za su kula da nasu sunan kamar yadda iyayensu suka kula.