Malaminka Ya Isa Ya Shiga Wikipedia? Darasin da Na Koya Bayan An Goge Muƙalata

A hutun zangon da ya wuce na koma gida Yako, a ƙaramar hukumar Kiru, na tarar hedimastanmu na firamare ya rasu. Allah Ya jiƙan sa. Bawan Allahn nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da alli a hannu, kuma ranar jana'izarsa an zo daga Bebeji, an zo daga Tudun Wada har Doguwa, duk ɗalibansa. Da na dawo makaranta na buga sunansa a waya, ko layi ɗaya babu. Abin ya tsaya mini a rai. Na buɗe asusu a Wikipedia ta Ingilishi, na kwana ina rubuta tarihinsa. Bai jima ba wani edita ya sa alamar a goge shi, aka buɗe tattaunawa ta kwana 7, aka goge.

Wallahi na ji haushi. Cewa na yi raini ne kawai. Sai da na huce na zauna na karanta ƙa'idojinsu, sannan na gane inda na kuskure. Shi ne nake so in raba da ku, musamman masu shiga gasar rubutu a Wikipedia.

Darasi na farko: shahara a wurinsu daban take da shahara a bakinmu. Wikipedia, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa a 2001, ba ta auna kirkin mutum ko yawan waɗanda suka amfana da shi. Tambayarta guda ce: wasu sun riga sun yi rubutu a kansa? Kuma rubutun sai ya cika sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ya zama mai zurfi. A jera sunansa cikin mahalarta taron yaye ɗalibai bai wadatar ba. Na biyu, ya fito daga madogara abar amincewa, irin littafin da aka wallafa, mujallar bincike, ko jarida mai editoci. Na uku, marubucin ya zama ba shi da alaƙa da mutumin. Ni kuwa hujjojina su ne bakin kawuna, takardar ta'aziyya ta tsofaffin ɗalibai, da abin da aka sa a Facebook. Ka ga ai ko ɗaya bai tsallake ba. Ga shi ni kaina ɗalibinsa ne, son rai ya cika muƙalar: “gwarzo”, “uban marayu”, “ba a taɓa yin irinsa ba”. Su kuma sun hana kirari, sun hana mutum ya kawo binciken da shi ya yi da kansa.

Darasi na biyu: mu dubi malaman da suka shiga. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1983, ya koyar a Midil ta Bauchi da kwalejin horon malamai ta Maru kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi NEPU. Alan Feinstein ya wallafa littafi sukutum a kan rayuwarsa a 1973. Sa'adu Zungur malami ne, kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa a 1974. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta kafa tsarin 'Yan Taru na ilimantar da mata, Jean Boyd ta rubuta tarihinta a 1989. Kun lura? Kowannensu akwai wani daga gefe da ya ɗauki alƙalami ya yi aiki a kansa tukuna, Wikipedia ta zo ta taƙaita.

Darasi na uku: malaman manyan makarantu suna da wata ƙofa ta daban. Wikipedia ta Ingilishi tana da ma'aunai 8 na masana, cika ɗaya ya isa, muddin akwai hujja. Daga ciki akwai: bincikensa ya yi tasiri sosai a fanninsa, ko ya sami babbar lambar yabo ta ƙasa ko ta duniya, ko ya riƙe kujera mafi girma a babbar cibiyar ilimi, ko ya zama babban editan fitacciyar mujallar bincike. Misali, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shugabanci jami'ar NOUN ta karatu daga gida daga 2016 zuwa 2021, wannan kaɗai ya buɗe masa ƙofa. Amma zama lakcara, ko shugaban sashe, ko ma samun digiri na uku, bai isa shi kaɗai ba. Hedimasta da firinsifal kuwa, sai dai su bi ta sharuɗɗa ukun farko.

To, ma'aunin nan adali ne ɗari bisa ɗari? A ganina a'a. A ƙa'idarsu, duk wanda ya taɓa zama ɗan majalisar dokokin jiha ko ta tarayya ana ɗaukarsa ya cancanta. Ke nan wanda ya wakilci Kiru da Bebeji, ko Tudun Wada da Doguwa, yana da shafi, malamin da ya koya masa baƙi da wasali babu. Kuma editoci na yin kuskure. A watan Mayun 2018 an ƙi karɓar muƙala a kan Donna Strickland, malamar kimiyyar fiziks a Jami'ar Waterloo ta Kanada, wai hujjojin ba su nuna ta cancanta ba. A watan Oktoban shekarar ta ci kyautar Nobel, a ranar aka buɗe mata shafi. In an yi wa wannan haka, ina ga malamin ƙauye wanda tarihinsa ke bakin tsofaffi?

Duk da haka na fahimci amfanin shingen. Da babu shi, kowa sai ya rubuta wa ubangidansa yabo, wani kuma ya rubuta wa maƙiyinsa ƙage, ba mai iya tantancewa. Wikipedia ta Hausa ma, duk da masu aikinta ke tsara nasu dokokin, tana neman manazarta a ƙarƙashin kowace muƙala.

Saboda haka kafin ka fara, yi wa kanka tambaya: zan iya kawo madogara biyu ko uku, masu zaman kansu, da suka yi bayani mai tsawo a kansa? In e, bismillah, ka rubuta da harshe mai sanyi, kowace magana da hujjarta. In a'a, kada ka ɓata datarka. Koma baya ka yi aikin da ya kamata a fara yi. Je ka ɗauki muryar abokan aikinsa tun suna raye. Leƙa Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mumbayya a Kano, ko Arewa House da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko a dace da wata takarda. Tuntuɓi 'yan jaridar Aminiya ko Daily Trust su je su yi nasu rahoton. Ka sani furojek ɗinmu na difloma ba kasafai ake karɓarsa a matsayin hujja ba, amma yana iya zama tsanin da wani mai bincike zai taka.

Ni dai na fara. Na yi hira da tsofaffin malamai uku a Yako, na ɗauki hoton rijistar makarantar mai ɗauke da rubutun hannunsa. Ko ya shiga Wikipedia ko bai shiga ba, jikokinsa za su sami abin karantawa. Kai fa, ɗan uwa, wane malami ne ya riƙe hannunka ka fara rubutu, kuma wa ya taɓa rubuta tarihinsa? Allah Ya saka wa malamanmu da alheri.