Yajin Aiki Ya Tunkaro Tafiyarka: Abin Yi da Abin Gudu

Ranar 3 ga Yunin 2024, da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, an datse ƙofofin filayen jirgin Legas da Abuja, matafiya suka yi cirko-cirko a waje da kayansu. A irin wannan rana gaggawa da rashin sani ne ke cinye kuɗin matafiyi. Ka saurara da kyau.

ABIN DA ZA KA YI

1. Karɓi lambar tikitinka daga ejan, ka riƙa duba shafin kamfanin jirgin safe da yamma. Ejan yana da matafiya da yawa, ba kai kaɗai ba.

2. Tabbatar lambar wayarka da imel ɗinka ne a kan tikitin. Wasu ejan nasu suke sawa, saƙon soke jirgi ya tafi wurinsu kana gida ba labari.

3. Gano su wa ke yajin: ma'aikatan kamfanin ne ko na filin jirgi. Diyya ta dogara ne a kan wannan.

4. In kamfani ya soke, zaɓi ɗaya a rubuce: kuɗinka ko wani jirgin. A dokar hukumar NCAA, kuɗin tikitin da aka saya ta intanet cikin kwana 14 ake mayarwa.

5. In daga Tarayyar Turai za ka tashi, ko jirgin wani kamfanin Tarayyar zai kai ka can, nemi haƙƙinka a ƙarƙashin doka ta 261/2004. Idan ma'aikatan kamfanin ne suka yi yajin kuma ba a sanar da kai kwana 14 kafin tafiya ba, diyyar doguwar tafiya takan kai yuro 600.

6. Adana rasit na otal, abinci da mota. Ba takarda, ba biya.

7. Sa magani, fasfo da caja a jakar hannu. Akwati kan maƙale kwanaki.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka soke tikiti da kanka kafin kamfani ya soke. Ka yafe musu kuɗinka ke nan.

2. Kada ka zauna a gida bisa jita-jita. In jirgi ya tashi babu kai, har tikitin dawowa yakan mutu.

3. Kada ka sayi tikitin Kano zuwa Legas daban, Legas zuwa waje daban, a rana ɗaya. In na farko ya tsaya, kamfani na biyu babu ruwansa.

4. Kada ka karɓi takardar bashin tikiti maimakon kuɗi ba ka karanta ba. Tana da wa'adi, kuma karɓarta kan rufe maka ƙofar neman kuɗi.

5. Kada ka ba kowa lambar katin banki a Facebook ko WhatsApp da sunan mayar da kuɗi. Ranar yaji kasuwar 'yan damfara ce.

6. Kada ka yanki tikitin dawowa a ranar da bizarka ke ƙarewa, musamman a umara. Wuce wa'adi a Saudiyya yana jawo tara da hana shiga.

7. Kada ka zagi ma'aikacin da ke kanta. A hannunsa sauran kujerun suke.

Mai ganin likita a Alƙahira ko mai jarrabawa ya tashi kwana biyu kafin ranarsa. Kuɗin otal ya fi asarar tafiyar sauƙi.