Darasin Kasuwanci: In Sana'a Ta Tsaya Cik, Ina Mafita?

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani hali da 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa kan shiga, amma ba kasafai suke faɗa ba. Mutum yana buɗe rumfarsa kullum a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko a Sabon Ibadan, ko kuwa yana zuwa ofis a kan lokaci, amma shekara biyar ke nan bai ga ya matsa ba. Bai karye ba, bai kuma ci gaba ba. Tun yana fita da zumuɗi har ya koma fita don dole. Wasu kan danganta wannan da sammu, wasu kuma da lalaci. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tsayawar sana'a tana da dalilai da za a iya ganowa da alƙalami da takarda, kuma sai an san dalilin ne za a san magani.

Fara da lissafi

Matakin farko shi ne mutum ya tabbatar ko tsayawa ya yi, ko kuwa baya yake ci bai sani ba. Yawan Naira ba shi ne ma'auni ba, abin da Nairar za ta saya shi ne ma'auni. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin farashin Naira a watan Yuni na wannan shekara, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Ma'anar wannan ita ce, kayan da aka saya Naira 100 a ƙarshen 2023 sun koma kusan Naira 135 bayan shekara guda. Saboda haka wanda ribarsa ko albashinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a wannan tsakani, a zahiri ƙarfin sayensa ya ragu da kimanin kashi 11 cikin 100.

Ɗan kasuwa ya ƙidaya jarinsa da kaya, ba da kuɗi ba. Buhu nawa ko katan nawa jarinka yake sarowa shekara uku da suka wuce, nawa yake sarowa yau? Ma'aikaci kuma ya auna albashinsa da kuɗin haya, da abinci, da kuɗin mota. Sau da yawa mutuwar zuciya daga nan take farawa: jiki ya riga ya ji cewa wahalar ba ta biya, tun kafin littafin lissafi ya nuna.

Dalilai uku

Dalili na farko shi ne kasuwa ta tashi ta bar mutum. Bayan shigowar wayar salula a 2001, dubban matasa sun kafa laima a bakin titi suna sayar da kira. Da wayar ta yi araha ta shiga aljihun kowa, sana'ar ta mutu, kuma ba don masu ita sun yi sakaci ba. Waɗanda suka farga da wuri sun koma sayar da katin waya, da gyaran waya, daga bisani kuma harkar cirar kuɗi ta POS. Alamar wannan dalili ita ce, ka ga kukan da kake yi duk 'yan layinku shi suke yi. A nan ƙara ƙwazo ba ya magani. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Dalili na biyu shi ne ilmin mutum ya tsufa. Alamarsa ita ce maƙwabcinka yana ciniki kai ba ka yi, ko kuwa ana ɗaga na bayanka a ofis ana barinka. A ilmin tattalin arziki akwai wata ƙa'ida da kowane manomi ya sani: buhun taki na farko yana ƙara amfanin gona sosai, na biyu ya ƙara kaɗan, na biyar kuwa ƙila ya ƙone shukar. Haka ƙwarewa take. Shekarun farko na sana'a kullum ana koyon sabon abu. Bayan haka, in ba a shigo da wani ilmi ba, maimaici ne kawai, kuma ƙarin sa'o'i ba ya kawo ƙarin riba.

Dalili na uku shi ne gajiya. Ciniki na tafiya, ƙwarewa na nan, amma mai sana'ar ne ya ƙare. Shi ke saro, shi ke tsare kanti, shi ke bin bashi, bai taɓa ɗaukar hutun mako guda ba. Wannan ba sauya sana'a yake bukata ba. Yana bukatar yaro amintacce da zai sakar wa wani sashe na aikin, da ranar hutu tsayayya. In kuwa abin ya kai ga rashin barci, da ƙin abinci, da baƙin ciki na makonni, to a ga likita, domin ya wuce batun kasuwa.

Kurakurai biyu

Kuskure na farko shi ne riƙe abin da ya mutu saboda abin da aka kashe masa. Za ka ji mutum na cewa, "Shekara goma sha biyar na yi a nan, ina zan fara?" Shekarun da kuɗin sun riga sun tafi, ko ya zauna ko ya tashi ba za su dawo ba. Tambayar da ta dace ita ce: shekara biyar masu zuwa, a ina ne jarina da lokacina za su fi haihuwa? Kowace shekara da aka ƙara a wurin da ba ya biya, an yi asarar abin da za a samu a wani wurin, ko da ba a rubuta wannan asara a littafi ba.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato sakin reshe a kama ganye. Mutum ya ji ana samu a wata harka, sai ya sayar da rumfa ko ya ajiye aiki ya faɗa cikinta bai san kanta ba. Ma'aikaci ya lura cewa Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki kafin shekara 50 damar cirar abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ba, kuma sai bayan wata huɗu bai sami wani aikin ba. Wannan guzuri ne, ba jari ba.

Darasi daga tarihi

Alhassan Ɗantata ya yi suna ne da fataucin goro daga ƙasar da ake kira Ghana a yau zuwa Legas ta jirgin ruwa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, sai ya karkata can, har a 1918 ya zama wakilin saye na kamfanin Niger Company. Ya sauya haja, amma bai bar abin da ya iya ba: sanin farashi, da riƙon yara, da amanar da ya gina a fatauci. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ya fara a 1977 da saye da sayarwa, ya yi kusan shekara ashirin yana cinikin sukari da shinkafa da siminti kafin ya koma sarrafa sukari da siminti a gida. Shi ma kayan da ya riga ya san masu sayensu ya fara yi. Ke nan sabuwar alƙibla mai ɗorewa a maƙwabtan tsohuwar take.

Abin yi cikin wata uku

A watan farko, rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita kullum, ka ware kuɗin gida da na sana'a. Rubuta kuma abubuwa uku da mutane ke zuwa wurinka dominsu, domin su ne ainihin jarinka.

A wata na biyu, je ka zauna da mutum uku da suka yi maka nisa a harkar da kake hange. Tambaye su inda suka yi asara, ba inda suka ci riba ba. Matambayi ba ya ɓata. In ilmi ne ya gaza, akwai Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971, da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta NDE, da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan masana'antu, da kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda ba zai iya barin aiki ya koma aji ba.

A wata na uku, yi gwaji da ɗan abin da in ya salwanta ba zai taɓa abincin gida ba. Sa masa wa'adi da ma'auni tun farko: in ya kai kaza a lokaci kaza zan ƙara, in bai kai ba zan janye.

Mai karatu zai lura ba mu ce a jira sai ƙarfin gwiwa ya dawo sannan a fara ba. Yawanci motsi ne ke zuwa da farko. Ranar da mutum ya ga ribar farko ta sabon gwajinsa, komai ƙanƙantarta, ranar ce zai sake tashi da asuba da son fita. Allah Ya sa albarka a nema.