Faifan Waƙa Mai Makulli: Abin da Ke Hana Shi Magana a Injin Gida

  Yau za mu yi magana ne a kan wata matsala wadda ta ɗaure wa mutane da yawa kai, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Faransa da Amurka, inda har yanzu a kan sami tsofaffin fayafayen waƙa da araha a kantunan kayan hannu. Mutum ya sayi faifan CD fes, ba tsaga, ba karce. Ya kai gida ya sa a injinsa, inji ya yi ta juyi, sa'an nan ya ce babu faifai a cikinsa. Ko kuwa ya sa a rediyon mota, waƙa ta fara, ta yi tsalle, ta tsaya. Ya ɗauki faifan nan ya kai gidan maƙwabcinsa mai tsohon inji, sai ga shi yana magana raɗau. To, laifin wa ke nan, na faifai ko na inji? Sau da yawa mai kaya ya kan ɗora wa injinsa laifi, har ya kai shi wurin mai gyara ya yi asarar kuɗi a banza, alhali kuwa injin lafiyarsa lau.

Kafin mu gane cutar, sai mun fara sanin yadda lafiyayyen faifai ya ke. Kamfanoni biyu ne suka haɗa kai suka ƙago shi, watau Philips na ƙasar Holan da Sony na ƙasar Japan. A shekarar 1980 suka rubuta ƙa'idodinsa cikin wani kundi wanda a ke kira Jan Littafi, saboda launin bangonsa. A 1982 aka fara sayar da shi a Japan, a 1983 ya iso Turai. Amfanin wannan kundi shi ne alkawarin da ke cikinsa: duk faifan da aka yi bisa ƙa'idar nan, kowane inji da aka ƙera bisa ita zai karanta shi, ko a Kumasi aka sa shi ko a Jidda. Alamar alkawarin ita ce ɗan tambarin nan da a ke bugawa a jikin faifai da gidansa, mai rubutun Compact Disc Digital Audio.

Faɗin faifan santimita 12 ne, watau inci 5 ba kaɗan. Ba shi da allura irin ta garmaho. A cikinsa akwai waɗansu ramuka ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, an jera su a layi ɗaya wanda ya nannaɗe kamar faifan kaba, ya faro daga tsakiya ya nufi baki. Da za a warware layin nan a miƙe shi, da ya wuce mil 3. Don matsatsinsa kuwa, silin gashin kai guda zai rufe zagaye 30 ko fiye. Wani siririn haske da a ke kira leza shi ke bin layin, yana faɗa wa faifai yana dawowa, inji kuma yana mai da bambancin hasken ya zama lambobi. Lambobin nan su ne awon sauti, an auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, na kunnen dama dabam, na hagu dabam.

Akwai abubuwa biyu cikin ƙa'idar da ya kamata mu riƙe, domin a kansu maganarmu duka ta rataya. Na farko shi ne fihirisa. A can ciki, kusa da ramin tsakiya, an rubuta yawan waƙoƙin da ke cikin faifai da wurin da kowace ta fara. Da ka sa faifai, inji ya kan fara karanta wannan, kamar yadda mai neman babi ke duba farkon littafi.

Na biyu shi ne dabarar gyaran kuskure. Masu ƙirar sun san faifai zai sha ƙura da zanen yatsa da karce. Saboda haka suka yi aiki da wani lissafi wanda masana biyu na Amurka, Irving Reed da Gustave Solomon, suka fito da shi a 1960. A kan ƙara waɗansu lambobi na shaida, sa'an nan a warwatsa lambobin waƙar a wurare dabam dabam bisa layin, yadda karce ɗaya ba zai cinye su duka ba. Da wannan inji ke iya mayar da abin da ya ɓace daidai wa daida, ko da ɓarnar ta kai kimanin milimita 2 da rabi a tsawon layi. In ta fi haka, inji ya kan yi kirdado: ya dubi awon da ke gaba da wanda ke baya, ya cike gurbi da abin da ke tsakaninsu. Misalinsa kamar malami ne mai karanta tsohon littafi wanda gara ta ci kalma ɗaya. Ya kan gane ta daga abin da ke kewaye da ita ya wuce, almajirai ba su ko lura ba.

To, shekara da shekaru haka abin ya ke, lafiya lau. Sai kwamfuta ta shiga gidaje, tana iya kwafe faifai duka cikin 'yan mintoci ba tare da sauti ya ragu ba. Aka kuma sami hanyar matse waƙa ta zama ƙarama, wadda a ke kira MP3, sa'an nan a 1999 wata kafa ta intanet mai suna Napster ta ba miliyoyin mutane damar musayar waƙoƙi kyauta. Hankalin kamfanonin waƙa ya tashi, don suna ganin haƙƙinsu da na mawaƙa yana zurarewa. Abin da suka nema shi ne faifan da injin gida zai karanta, amma kwamfuta ta kasa. Jan Littafi kuwa bai tanadi makulli ba ko kaɗan. Saboda haka hanya ɗaya ce ta rage musu, watau su ɓata faifan da gangan, ɓarnar da su ke fata za ta rikita kwamfuta kaɗai.

Dabara ta farko ta shafi fihirisa. Bayan Jan Littafi an ƙago hanyar rubuta faifai zango zango, kowane zango da nasa fihirisa. Tsohon injin waƙa bai san da wannan ba. Zango na farko kaɗai ya ke dubawa. Na'urar kwamfuta kuwa an koya mata ta nemi zango na ƙarshe ta yarda da abin da ya faɗa. Sai masu makulli suka sa waƙoƙi a zango na farko, suka ƙara zango na biyu can wajen bakin faifai, mai fihirisa ta ƙarya wadda ke nuna waƙoƙi a inda ba su. Kwamfuta ta bi ta ɓace, tsohon inji kuwa ya yi waƙarsa. Irin makullan nan da suka yi suna su ne Cactus Data Shield na kamfanin Midbar na Isra'ila, da key2audio na wani reshen Sony da ke ƙasar Ostiriya.

Dabara ta biyu ita ce cusa kurakurai cikin lambobin waƙar kanta. Injin gida, kamar malamin nan, zai yi kirdado ya cike gurbi. Kwamfuta mai kwafa kuwa kamar magatakarda ce wanda aka umarta ya juya takarda harafi da harafi: in ta iske kuskure sai ta tsaya tana ta maimaita karatu, ko kuwa ta kwafe shi yadda ya ke, ya fito ƙas ƙas a cikin waƙa.

A takarda dabarun nan sun yi kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne, a daidai shekarun nan iyakar da ke tsakanin injin gida da kwamfuta ta fara shafewa. Injin DVD da ke ƙarƙashin talabijin, da rediyon mota mai karanta MP3, da injunan wasan yara, da waɗansu ƙananan injunan ratayawa, da yawansu an ƙera su ne da na'urar karatu irin ta kwamfuta, ko da umarni irin nata, don su iya karanta faifai mai zango da yawa. Tarkon da aka ɗana wa kwamfuta sai ya kama su. Wannan shi ne dalilin abin mamakin da muka faɗa da fari, cewa tsohon inji mai araha ya yi magana, sabo mai tsada ya yi shiru. Ba lalacewa ya yi ba, iliminsa ne ya fi na tsohon, ya karanta ƙaryar da tsohon bai san da ita ba.

Dabara ta biyu kuma tana da nata aibi. Ƙarfin gyaran kuskure yana da iyaka, an kuwa tanade shi ne domin ƙura da karce. In an riga an cinye wani kashi nasa tun daga ma'aikata, ɗan karcen da lafiyayyen faifai zai shanye ba a ji ba ya kan isa ya sa wannan ya yi tsalle. Watau faifan ya fito da rauni tun yana sabo, kuma zai riga 'yan'uwansa tsufa.

Ba a daɗe ba kuka ya tashi. A watan Nuwamba na 2001, a Ingila, kamfanin BMG ya fito da faifan mawaƙiya Natalie Imbruglia mai suna White Lilies Island da makulli a jikinsa. Masu saye suka yi ta ƙorafi har kamfanin ya yarda ya musanya musu da marar makulli. A 2002 faifan Celine Dion, A New Day Has Come, wanda aka sayar a Turai, ya riƙa daskarar da waɗansu kwamfutocin Apple har faifan ya ƙi fita, sai an kai wurin gyara. A shekarar nan kuma Philips, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago faifan, ya fito fili ya ce irin waɗannan ba su cika ƙa'idar Jan Littafi ba, saboda haka ba su cancanci ɗaukar tambarin ba. Daga nan kamfanoni da yawa suka cire shi, suka sa wata alama dabam mai nuna an kulle faifai. A Faransa maganar har gaban alƙali ta je. A watan Satumba na 2003 kotun garin Nanterre ta saurari ƙarar wata mata wadda faifan mawaƙi Alain Souchon ya ƙi magana a rediyon motarta, ta yanke cewa faifan yana da ɓoyayyen aibi, ta umarci kamfanin EMI ya mayar mata da kuɗinta.

Abin dariya kuwa, makullin bai hana masu kwafa ba. A watan Mayu na 2002 labari ya bazu cewa in mutum ya ja layi da baƙin alƙalami a bakin faifai ya rufe zangon ƙaryar nan, kwamfuta ba za ta gan shi ba, sai ta karanta zango na farko kamar kowane inji. Da kamfanoni suka ga haka, waɗansu suka sake dabara: suka bar waƙoƙi yadda su ke, suka ɓoye wata manhaja cikin faifai wadda ke shiga kwamfuta da kanta ta hana kwafa. Irin wannan ba ya damun injin gida sosai. Amma a 2003 wani ɗalibi a Jami'ar Princeton, John Halderman, ya nuna cewa danne maɓallin Shift lokacin sa faifai ya isa ya hana ɗaya daga cikinsu aiki. A ƙarshen Oktoba na 2005 kuma wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya tona cewa manhajar XCP da ke cikin fayafayen Sony BMG tana ɓoye kanta a cikin Windows, har tana buɗe ƙofar da mugayen manhajoji za su iya fakewa. Aka yi ta shari'a, kamfanin ya janye miliyoyin fayafayai daga kasuwa. Garin neman gira aka rasa ido. Zuwa farkon 2007 EMI, wanda ya fi daɗewa a kan makulli cikin manyan kamfanoni, shi ma ya daina.

To, an daina yi, amma fayafayen da aka buga tsakanin 2001 da 2006 suna nan suna yawo a kasuwannin kayan hannu, wani ma ya kan yi tsarabarsu zuwa gida. Saboda haka ga shawara. Da fari, kafin ka saya, dubi shekarar da aka buga faifai, ka nemi tambarin da muka ambata. In ba ka gan shi ba, kuma ka ga rubutun Copy Controlled ko gargaɗin cewa ba ya aiki a kwamfuta, to, ka san mai makulli ne. Na biyu, juya faifan ka karkata shi wajen haske. A waɗansu za ka ga siririn zobe kusa da baki, wanda ya raba zango na farko da na biyu. Na uku, in faifai ya ƙi magana, gwada waɗansu biyu ko uku a injin kafin ka nufi mai gyara. In sun yi, injinka lafiya ya ke, sai ka nemi inji mai karanta CD zalla ka gwada wancan a ciki. Na huɗu, irin wannan faifai yana bukatar riƙo da hankali fiye da saura: a kama shi ta baki, a goge shi da laushin ƙyalle daga tsakiya zuwa waje, a mayar da shi gidansa da an gama. Na biyar, faifan Sony BMG na 2005 mai alamar XCP a bayan gidansa, a bar shi ga injin waƙa, kada a sa shi a tsohuwar kwamfuta mai Windows.

Iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan yau. Wanda ke da tambaya a kan wannan ko wani abu na kimiyya, sai ya rubuto mana, za mu amsa gwargwadon iko. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.