Yadda Nake Naɗa Wa Ɗalibaina Darasi

Ina koyar da lissafi a wata makaranta a nan Kumasi, kuma duk ranar da aka tafka ruwan sama, wasu yaran ba sa zuwa. Da jarrabawar BECE ta matso, sai na fara naɗa musu darasin ina turawa a WhatsApp.

Abin ba wuya. A Android 11 zuwa sama, ja fuskar wayar daga sama, danna Screen Record, ka kunna makirfo don muryarka ta shiga. A kwamfuta mai Windows kuwa, Win+Shift+S na yanko hoto, Win+Alt+R na naɗar bidiyo. In kana son fuskarka ta fito a gefe, sauke OBS Studio, kyauta ne.

Shawarata: kada bidiyo ya wuce minti 5, kuma ka bar shi a 720p, domin iyaye ne ke sayen data. Sannan ka kashe sanarwa kafin ka fara. Ni na taɓa tura wa aji bidiyo, ashe saƙon uwargida na kuɗin cefane ya faɗo a tsakiya. Har yau yaran na tambayata ko na biya!

Ku gwada da darasi ɗaya a wannan makon.