Me Ya Sa Sinawa Ba Sa Shiga Sabuwar Shekara Tare Da Kowa?

Tambaya: Ina sayar da kayan gyaran babur a Bibemi, a Garwa nake saro su. Duk shekara idan Janairu ta yi nisa sai dillalai su ce kaya sun yanke, wai Sinawa sun tafi bikin sabuwar shekara. Ashe ba ranar 1 ga Janairu ake shiga sabuwar shekara ba? Wane irin biki ne wannan? Daga wani mai karatu a Bibemi, Kamaru.

Amsa: Malam, dillalanka ba su yi maka ƙarya ba, ko da yake ba a rasa mai fakewa da guzuma ya harbi karsana, ya ɗora kuɗi a kan kayan da ke jibge a sitonsa tun bara.

A ofis da makaranta Sinawa da kalandar Miladiyya suke aiki, amma wannan biki da kalandarsu ta gargajiya ake lissafa shi. Watanninta na bin wata kamar na Hijira. Inda suka rabu shi ne, shekararmu ta Hijira takan matso da kwana 11 har azumi ya zagaya damina da rani, su kuwa bayan shekara biyu ko uku sai su ƙara wata na 13 don kada bikin ya bar lokacinsa. Shi ya sa ba ya fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Kowace shekara kuma da dabbarta cikin dabbobi 12: 2025 ta maciji ce, 2026 ta doki.

Gishirin bikin shi ne komawa gida. Leburan da ke aiki a masana'antun Guangzhou ko Yiwu, wanda ƙauyensu ke da nisan tafiyar yini a jirgin ƙasa, sai ya yi duk yadda zai yi ya ci abincin daren jajibiri da iyayensa. Kafin ranar an share gida, an biya bashi, an manna jajayen takardu masu ɗauke da fatan alheri a bakin ƙofa. Ranar farko kuwa ba a taɓa tsintsiya, wai kada a share arziki waje. A arewacin ƙasar Sin iyali kan zauna tare suna naɗe niƙaƙƙen nama da ganye cikin kwaɓin fulawa, kifi kuma ba a rasa shi a teburi. Manya su ba yara kuɗi cikin jan ambulan, tamkar goron Sallah. Jan launin da ƙarar abubuwan fashewa, a tatsuniyarsu, don korar wani dodo ne mai suna Nian. Wasu gidajen suna ƙona turare su ajiye wa kakanni abinci, wannan ɓangaren addininsu ne na gargajiya. Ga da yawa kuwa hutu ne da zumunci kawai. A rana ta 15 ake rufewa da bikin fitilu.

Sinawa ba baƙi ba ne a yankinku. Su suka gina madatsar Lagdo a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982, likitocinsu kuma a baya sun shafe shekaru suna aiki a asibitin Gidar. Sai dai inda ba su da yawa bikin ba ya fitowa titi. Wanda bai samu tafiya ba yakan haɗu da 'yan uwansa a gida ko a masaukin ma'aikata, su yi girki, su kunna shirin daren jajibiri da gidan talabijin na CCTV ke yi tun 1983. Da yake Beijing ta riga Kamaru da awa 7, ƙarfe ɗaya na rana shirin ke farawa a Garwa, ƙarfe biyar na yamma kuma shekararsu ta shiga, ana kiran gida ta waya.

Batun kayanka kuwa, hutun gwamnati bai wuce mako guda da 'yan kwanaki ba, amma masana'antu kan rufe mako biyu zuwa huɗu, don ma'aikata suna tafiya da wuri, wasu ma ba sa dawowa. Haɗa da makonnin da jirgin ruwa ke yi kafin ya iso Duwala, da doguwar hanya zuwa arewa, sai ƙarancin ya kai ka har Afrilu. Bikin 2027 zai faɗo ranar 6 ga Fabrairu, saboda haka tun Nuwamba ko Disamba ka cika shagonka da taya, sarƙa da fulogi.