Fasali cikin shirin ziyara da ƙafa daga Hubbaren Shehu zuwa Wurno da Degel



Ku sani ya 'yan'uwana cikin ɗariƙa, Allah shi datar da ni da ku, wasu samari daga cikinku sun zo mini da takarda, sun tsara ziyara da ƙafa daga Sakkwato zuwa Wurno da Degel a komo, kwana uku. Na yaba niyyarsu, amma ban yarda da lissafinsu ba, don da ƙafafunsu sunka auna hanya. Ni kwana shida nika gani. Zango ana yanke shi bisa sawun wanda yaf fi kowa rauni cikin jama'a, da lokacin salla, da wurin ruwa.

Farkon abu shi na amincin hanya, kuma sharaɗi na. Ziyarar kaburbura mustahabbi ta, tsare rai kuwa wajibi na, ba a barin wajibi don mustahabbi. Kun san abin da ɓarayin daji sunka yi ga gabashin ƙasar Sakkwato cikin shekarun ga, wajen Sabon Birni da Isa da Goronyo, hakanan yamma wajen Tangaza da Gudu. Don haka na cire Gudu daga tsarin, ko da shike can Shehu yay yi hijira daga Degel shekara ta 1218, wato 1804. Sauran hanya ma kada a taka ta sai an aika mutum biyu sun ji daga bakin hakimi da limamin kowane zango. In sunka ce a dakata, a dakata, ladar niyya ba ta ɓacewa.

Sa'an nan a naɗa amiri guda, kamar yadda sunna ta umurci matafiya. A zaɓi mai haƙuri, ba mai sauri ba. Shi yi tafiya bayan ayari, mai sanin hanya shi wuce gaba. Jama'a kada ta haura ashirin, don ƙauye ba shi iya ɗaukar baƙin da sunka fi haka ba tare da an ƙuntata ma masu gida ba. Kowa shi ɗauki guzurinsa da butarsa da bargonsa. Wanda yat tafi neman albarka yac cinye hatsin talaka, ina albarkar?

Lokaci kuwa bayan kaka, in ɗari ya shigo ruwa ya janye. Da rani 'yan taru ka zuwa wurin Nana Asma'u da ƙafa, jajinsu na gaba, kuma tsofaffi da 'yan mata ƙanana a cikinsu. Bazara a bar ta, ranarta tana kisa.

A tashi daga Hubbare bayan Asuba. A yi sallama ga Shehu Usmanu, Allah shi yarda da shi, wanda yar rasu 1232, wato 1817, da waɗanda ke kwance kusa gare shi, cikinsu har Nana Asma'u. A yi musu addu'a da murya ƙasa. Ba a shafar kabari, ba a ɗibar ƙasarsa, ba a roƙon kowa sai Allah. Mai Ihya'us Sunna bai yi wahalar kashe bidi'a don mu raya ta bisa kansa ba. Daga nan zuwa Wurno a yi kwana biyu bisa tudu, ana tafiya da sanyin safiya har hantsi ya ɗaga, a sauka inuwa har a yi Azahar. Wurno ribaɗi na na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, nan yar rasu 1253, wato 1837, nan kabarinsa yake. A yini guda cikinsa, ƙafafu su huce, a biya wuridin da gajiya ta rage.

Yini na huɗu shi a mai wuya, don tsakanin Wurno da Degel akwai fadamar Rima. In ruwa bai janye ba, tudunnan da ke cikinta suna komawa tsibirai. Kuma tun da anka gama madatsar Goronyo 1984, hawan gulbi ba ga sama kaɗai yake ba, ana iya sako ruwa ba a yi hadari ba. Wanda yag ga ambaliyar 2010 ba shi bukatar a faɗa mai. Ni da kaina na taɓa kuskure nan. Wata shekara na ja jama'a da wuri, ban tambayi Sarkawa ba, munka isa bakin ruwa bayan La'asar, jirgi guda. Mai fito ya kai rabinmu wani tsibiri, ya komo ya ɗauki saura, rana ta faɗi kamin shi fitar da mu ɗaya gefen, yac ce ba shi tuƙi da duhu. Nan munka kwana cikin sauro da raɓa, da wani dattijo mai tari wanda bai ƙara lafiya ba sai bayan wata biyu. Laifin nawa na. Saboda haka a yi magana da mai jirgi tun jiya, a yanke kuɗin fito, a ƙetare da hantsi, masu rauni su fara shiga, amiri shi zan na ƙarshe. Kada a cika jirgi don kunyar jira.

Mas'ala. Ruwan fadama da laka ta sāke kamarsa ana alwala da shi, don abin da yas sāke shi mazauninsa na. In an rasa ruwa bisa tudu, taimama ta halatta ga dutse da rairayi a mazhabar Maliku. Amma ƙasaru babu shi cikin wagga tafiya, don sharaɗinsa baridi huɗu na, mil 48, ga zuwa kaɗai, ba a haɗa shi da komowa. Na ga masu rage salla tun daga bakin gari suna cewa su matafiya na. Su cika raka'a huɗu.

Degel a sauka da ladabi, nan Shehu yak karantar shekaru masu yawa kamin hijira. A kwana, a kama hanyar Kware, garin Isa ɗan Shehu, a kwana, yini na shida a ƙetare Rima a shigo Sakkwato kamin Azahar. Wanda ƙafarsa ta kumbura ko'ina cikin hanya a sa shi mota da ɗan rakiya, kada kowa shi gorantā mai, ziyararsa ta cika. Gwandu kuwa, inda Malam Abdullahi yake, tafiya ta ta daban, za mu yi mata nata fasali in Allah ya kai mu.